Buhun Baffa da Kaskon Kaka

Akwai wani ƙamshi da ba kowa ne zai yarda ya kira shi ƙamshi ba, na dusar gero da aka jiƙa ta ɗan yi tsami. Shekaranjiya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Bodinga, na bi ta wani lungu, sai iska ta kwaso mini shi daga bayan wata katanga. Na tsaya da littattafan yara a hannu. Can ciki na ji wani sauti, caɓal-caɓal, bakin agwagwa a cikin kasko. Ban san matar gidan ba, ban kuma yi sallama ba, amma na daɗe a tsaye, domin a wannan lokacin na koma yarinya 'yar shekara tara, tsugune a bayan rumbu kusa da Kakata.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bodinga da Shagari, ba nisa da Sifawa. Gidanmu ba babba ba ne. Akwai Baba, manomin gero da dawa, wanda maganarsa ba ta da yawa. Akwai Inna. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ɗakinta ke kusa da akurkin kaji. Sai Baffa, ƙanin Baba, wanda a lokacin bai yi aure ba. Kaka ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta, ko da yake gemu ya riga ya fito masa. Shi kaɗai ne mai aikin gwamnati a duk zuriyarmu. Yana aiki a wani gidan kaji da ke kan hanyar birni, inda ya ce fararen kaji suna zaune a jere kamar 'yan aji, kowace tana yin ƙwai kullum. Da safe yakan sa rigarsa ta kaki, ya goge kekensa da tsumma, ya buga ƙararrawa sau biyu a ƙofar gida. Ni kuwa ina ganin babu mai ilimi a duniya kamarsa.

Agwagwar farko a gidanmu tawa ce. Dangin Inna na Shagari suka ba ni ita da na je hutu, kamar yadda ake ba yarinya abin kiwo don ta tashi da abin kanta. Baƙa ce mai farin wuya, ba ta da hayaniya, sai dai ta riƙa huci a hankali tana kaɗa wutsiya. Ni yarinya ce mai yawan zama shiru, mai kallon gajimare har tuwo ya huce, don haka muka dace. Nakan karanta mata abin da aka koya mana a makaranta, ita kuma ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya.

A bazarar shekarar zaɓe ta yi ƙwai bakwai a ƙarƙashin rumbu. Lokacin motocin 'yan siyasa suna yawan wucewa da lasifika da tutoci, yara suna bin su da gudu. Wata ranar da hantsi ta tsallaka hanya za ta bakin rijiya inda ruwa ke taruwa, ɗaya daga cikin motocin ta bi ta kanta, ba ta ko tsaya ba. Baba ya samu ya yanka ta kafin rai ya fita. Aka yi romo, na ƙi sha.

Kaka ce ta tattara ƙwan a cikin ƙwarya tun da sauran ɗuminsu. Tana da wata kaza wake-wake da ta fara kwanci, sai ta kwashe ƙwan kazar ta zuba mata na agwagwa. Na tambaye ta me ya sa ba za ta bar su tare ba.

Ta ce, "Ƙwan agwagwa Juma'a biyar shi ka yi, na kaza ukku. In kinka haɗa su rana guda, ta tashi da nata ta bar miki naki su yi sanyi."

Sai da Juma'a biyu ta wuce sannan ta ƙara mata sababbin ƙwan kaza biyar, don kowa ya fito lokaci guda. Kazar ta rame da dogon kwanci, Kaka ta riƙa kai mata tsaki da ruwa har wurin da take. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshinta, sai muka wayi gari da 'yan tsaki biyar da 'ya'yan agwagwa shida, duk a ƙarƙashin fiffike ɗaya. Ƙwai ɗaya bai yi ba. In ka taɓa riƙe ɗan agwagwa na kwana ɗaya a tafin hannu, ka san abin da nake nufi idan na ce kamar ka riƙe numfashi ne mai ɗumi. Na ƙirga su ya fi sau goma a ranar. Su ne abin da ya rage mini na uwarsu.

Kwana uku bayan haka Baffa ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai saba ba, da buhu ɗaure a bayan keke. Ya sauke shi a tsakar gida yana fara'a, ya ce abincin kamfani ne, irin wanda fararen kaji ke ci, daga yau kajin gidanmu sun huta da dusa. Na tuna Kaka ta dubi fuskarsa fiye da yadda ta dubi buhun. Ba ta tambaye shi dalilin dawowa da wuri ba. Ta sa hannu ta ɗebo, ta sansana, ta murza tsakanin yatsunta. Gari ne rawaya, mai ƙamshin masara da kifi, da wasu fararen ƙwayoyi kamar tsakuwa a ciki. Ta sa masa albarka, ta ce a kai ɗakinta a ɗora a kan duwatsu saboda danshi da gara.

Baffa ya kira ni in karanta rubutun jikin buhun. Na karanta da ƙarfi don Inna ta ji daga madafa. Akwai hoton kaza zaune a kan ƙwai, an kuma rubuta cewa na kaji masu yin ƙwai ne. Na tambaye shi ko 'ya'yan agwagwa za su iya ci. Ya ce mai fiffike duk ɗaya ne, abin da ya gina kaza zai gina agwagwa. Ya kafa dokoki biyu. Kada a jiƙa shi, domin ruwa yana ɓata shi. Kada kuma a ajiye kasko da ruwa, domin 'yan tsaki suna faɗawa su mutu. Ya huda wani gwangwani ya kifa shi a kan murfin kwano, ruwa yana fitowa kaɗan-kaɗan, iya wanda kaza za ta tsoma tsinin baki.

Kafin zuwan buhun Kaka tana ciyar da ƙananan da tsaki da jiƙaƙƙiyar dusa. Ta ce da ni a hankali, bayan Baffa ya shiga ɗaki, ita dai a saninta agwagwa da ruwa take haɗiya. Ni kuwa da na karanta buhu a gaban mutane, kaina ya riga ya yi girma. Na ce mata wannan abincin masu ilimi ne suka haɗa shi, sun auna komai.

Ta yi dariya har haƙoranta biyu da suka rage suka fito. "To, 'yar boko. Agwaginki na, ba nawa ba."

Makon farko na yi ta murna. 'Ya'yan agwagwa suna da haɗama, sukan cika baki da garin, ya toshe musu maƙogwaro, su yi ta miƙa wuya suna girgiza kai, su ruga wurin gwangwani su kasa tsoma baki, su dawo su ƙara. Na ɗauka daɗi ne ya sa suke haka. 'Yan tsakin ba su damu da garin sosai ba, sukan ɗan tsattsaga su bi uwarsu tono a juji. Agwagin ne suka zauna wa farantin garin.

A mako na biyu idanunsu suka fara kwantsa, hancinsu ya toshe da busasshen gari. Sai suka fara zama. In wake-wake ta kira, 'yan tsaki su ruga, su kuwa su tashi su yi taku uku su durƙushe. Gwiwoyinsu suka kumbura, ƙafafun suka buɗe gefe da gefe, har wasu suka koma jan ciki suna taimaka wa kansu da 'yan fikafikansu. Wata safiya na tarar da ƙaramin cikinsu, mai ɗigon baƙi a ka, ya miƙe a bakin akurki. Na binne shi a gindin zogale, ban gaya wa kowa ba, amma Kaka ta ga ƙasa a farcena.

A daidai wannan lokacin ne ruwan sama ya ɗauke. Gero ya ɗan taso ya tsaya, ganyensa ya naɗe. Kullum gajimare ya taso daga gabas, mu fito mu tsaya, iska ta kore shi. A rediyon Baba ana ta maganar tsuke bakin aljihu. Sabulu da sukari suka ɓace a kanti. Inna ta fara rage awon gero, kunun safe ya tsinke har kana hango gindin ludayi, dusar da a da ake watsa wa kaji ba lissafi ta zama abin da ake rufewa da faifai.

Wata la'asar Baba ya dawo daga gona ya tarar da ni ina ɗaukar agwagin ɗaya bayan ɗaya ina kai su inuwa. Ya jingine hauyarsa ya daɗe yana kallo. Ba mutum ne mai tsanani ba, amma shi ne yake leƙa rumbu.

Ya ce, "Bana ba shekarar kiwon guragu ba ta, ɗiyata."

Ya bayyana mini cewa agwagwa ɗaya tana cin abin kaji uku. Mai sayen kaji, wanda ke yawo ƙauyuka da kwando a bayan keke, zai biyo nan da Juma'a biyu. In zuwa ranar sun iya taka ƙafarsu har kududdufin bayan gida su nemi abincinsu da kansu, za su zauna. In ba su iya ba, za a ba shi su a yadda ya ga dama.

Na sami Kaka a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Na zauna kusa da ita ina kuka mara sauti. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta tambaye ni ko na gama da takarda, wato rubutun jikin buhu. Na gyaɗa kai. Ta ce ita ma da farko ta yi shiru ne don ta ce ko takarda ta san abin da ba ta sani ba, amma yanzu ta gani da idonta. Za ta gwada, in Allah ya yarda, bisa sharaɗi ɗaya.

"Auta ba shi ji ba. Ko da wasa, ko cikin kwana. In kinka buɗe baki, na cire hannuna."

Na yi alkawari, ko da yake ban gane dalili ba.

Ga yadda muka yi. Da safe Baffa yakan shiga ɗakin Kaka ya ɗebo cikin marar ƙwarya guda daga buhu, ya watsa wa kaji a tsakar gida, ya tsaya hannu a ƙugu yana kallonsu. Kaka ta ce masa raɓa tana taɓa ƙafar agwagi, don haka za ta riƙa kife su da kwando har rana ta ɗaga, ita za ta kula da cinsu. Da ƙararrawar kekensa ta yi nisa, sai mu kwashe su zuwa bayan rumbu.

Can ta ajiye wani tsohon kasko mai tsaga a baki. Takan zuba dusar gero, ta yayyafa ruwa tana cuɗawa da hannu har ta yi laushi ba ta yi ruwa-ruwa ba. Ta daka ƙuli-ƙuli biyu ta barbaɗa. Ni aikina in tsinko ganyen zogale da na lalo in yayyanka ƙanana. Kusa da kaskon ta sa wani masaki da ruwa mai zurfin da ɗan agwagwa zai nutsa kansa duka, ta jera duwatsu a ciki don ko ɗan tsako ya faɗa ya sami wurin tsayawa. Ranar farko da suka ga ruwan, suka ja ciki suka isa, suka riƙa tsoma kai suna fyace hanci, ruwan ya yi fari da garin da ya daɗe a toshe. Sannan suka koma kasko. A ranar na fara jin wannan sauti, caɓal-caɓal, loma ɗaya kurɓi ɗaya.

Ta ce in zauna in dubi bakin kowa. Kaza tana da tsini, ɗaya-ɗaya take ɗauka, tana zaɓe kamar mai tsintar wake. Agwagwa kuwa ludayi aka ba ta, kwasa take yi, in babu ruwa sai ta shaƙe. Uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su, in ji ta, amma ba a yi musu baki ɗaya ba. Da 'yan tsakin suka kutsa cikin kaskon, dusar ta manne musu a baki da yatsu suka yi ta kuka, sai ta ware musu busasshen tsaki a kan faifai. Wake-wake ta rasa inda za ta tsaya, ta je nan ta dawo can tana ƙorafi, Kaka tana yi mata tsiya, wai ita ta ce ta haifi abin da ya fi ƙarfinta.

Abin da suke tarayya a kai shi ne gara. Da yamma Kaka takan cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a cikin fasasshiyar tukunya, ta yayyafa ruwa, mu kai gindin wata katanga inda gara ke bi, mu kife. Da safe kafin rana ta yi zafi in ɗauko, in juye a ƙasa, sai ka ga wuri ya yi fari yana motsi. A nan kaza da agwagwa ba su da bambanci. Bayan sun ci, sai ta ɗauki agwagin ɗaya-ɗaya ta sa a masaki, ta tallafe ƙirjinsa da yatsu biyu, shi kuma ya riƙa kaɗa ƙafa a ruwa. Ta ce ƙafar da ta manta ƙasa a ruwa take tunawa. Daga nan sai a shanya su a hantsi su bushe.

A kwanakin ne Kaka ta tsiri yawan fita. Da mun gama da agwagi sai ta yafa mayafi ta ce za ta gaida mutane, ba ta dawowa sai azahar, da ƙwarya a rufe a ƙarƙashin mayafin. Dusa ce a ciki, wani lokaci da ɗan tsaki ko ɓarɓashin ƙuli-ƙuli. Na tambaye ta wa yake ba ta, a shekarar da kowa ke rufe tasa. Ta ce tsofaffi ba su rasa masoya. Na lura in ta dawo takan daɗe tana jiƙa tafin hannunta a ruwan ɗumi, Inna kuma takan kawo mata man shanu ta shafa. Hankalina yana kan ƙafafun agwagi, ban tsaya tunani ba.

Juma'ar farko ta wuce, biyu sun fara tsayawa. Tsakiyar mako huɗu suna tafiya, suna tangaɗi kamar masu ɗauke da tulu. Na biyar ɗin, wata 'yar mace mai farin wuya irin na uwarta, ita ce ta ƙi. Takan tashi, ta yi rawa, ta zauna. Ita na fi so, ita kuma nake ba gara mafi yawa a ɓoye. Nakan kwanta rub da ciki a gabanta in yi ta lallashinta kamar mai jin Hausa.

Ranar Juma'a ta biyu mai sayen kaji ya iso da hantsi, ya jingine kekensa a zaure, kajin cikin kwandonsa suna leƙe. Baba ya fito. Baffa ma yana gida. Kaka ta ɗage kwando, ta sa ni gaba da kaskon a hannu, ta ce in tafi a hankali kada in waiwaya. Daga bayan gidanmu zuwa kududdufi bai fi a kira mutum ya ji ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ina jin wake-wake a bayana tana kiran 'ya'yanta, ina jin takun manya, ban san ko agwagi nawa ne suke biye ba. Da na isa bakin ruwan, wanda ya janye ya bar laka mai tsagewa, na ajiye kaskon na juya.

Huɗu suna dab da ni. Ta biyar tana can tsakiyar hanya a zaune. Mai sayen kaji ya gyara hularsa. Sai 'yan'uwanta suka faɗa ruwa, ta ji ƙarar, ta miƙa wuya. Ta tashi, ta yi taku biyar, ta zauna. Ta sake tashi. Da ƙafarta ta taɓa laka sai ta zame da ciki ta shiga, kuma a cikin ruwan babu wanda zai ce ita ce gurguwar. Suka riƙa nutsa kai suna kamo 'yan ƙwari da talibambam. Wake-wake ta bi gaɓa da gudu tana kururuwa, fikafikai a buɗe, tana kiran 'ya'yan da take gani za su halaka, 'yan tsakinta biyar suna biye da ita cikin mamaki.

Baba ya yi murmushi, abin da ya yi wuya a wannan daminar. Ya ba mai sayen kaji haƙuri, ya ce yau babu na sayarwa.

Sai Baffa ya matso, fuskarsa tana haske. "Kun gani ko? Abincin kamfani a hankali shi ka aiki. Na hwaɗa muku."

Na tuna mai ɗigon baƙi a gindin zogale, na tuna tukunyar gara da hannun Kaka a cikin kasko. Na buɗe baki. Sai na ji tafinta a bayan wuyana, mai kaushi kamar ɓawon itace, babban yatsanta ya danna kaɗan.

Ta ce, "Buhunka da albarka shi ke, Auta."

Kwana uku ina fushi da ita. Na ga an ɗauki wahalarta an ba buhu, ita kuma da bakinta ta miƙa. Ta bar ni da fushina, sai dai in na wuce ta ce ina 'yar boko, yau ba a karanta mana komai ba?

Buhun kuwa ya ci gaba da zama a kan duwatsunsa. Kowace safiya Baffa ya ɗebi mara guda ya watsa wa kaji, ya buga ƙararrawa ya tafi. Na lura garin ya bar rawaya ya koma ruwan toka, na faɗa wa Kaka, ta ce damina tana sauya kamannin komai. Na yarda, domin a shekarun nan ina iya yarda cewa buhu mai albarka ba ya ƙarewa. Bayan girbi, wanda bai cika rabin rumbu ba, Baffa ya ce ya gaji da aikin gwamnati, zai shiga sayar da albasa. Ba a daɗe ba muka ji a rediyo soja sun karɓi mulki. Agwagina suka girma a kududdufi da bakin rijiya. Mai farin wuya ta rayu da ɗan ɗingishinta, ta yi 'ya'ya, kuma daga cikin jikokinta aka sayar aka saya mini akwatin ƙarfe da na tafi makarantar kwana.

Yanzu a Bodinga akwai shagunan abincin kaji, buhu iri-iri, na 'yan tsaki daban, na masu tasowa daban, na masu ƙwai daban. Na karanta cewa fararen ƙwayoyin nan don ƙarfin ɓawon ƙwai ake sa su, kuma suna yi wa ƙananan tsuntsaye yawa. Na karanta cewa akwai wani sinadari da ƙafar ɗan agwagwa ke buƙata fiye da ta ɗan tsako, wanda ake samu a gyaɗa da ɗanyen ganye da ƙwari. Kaka ba ta san sunansa ba. Ta rasu ina kwalejin horon malamai, Allah ya jiƙanta. An cike kududdufin an yi gini a wurin, kuma yaran ajina da yawa ba su taɓa ganin kaza tana renon agwagwa ba.

Bara da na je gida hutu na tarar da Baffa, gemunsa ya fara fari, tsugune a bayan ɗakinsa yana cuɗa wa agwaginsa dusa a kasko, ga masakin ruwa a gefe da duwatsu a ciki. Na ga wadda na yi wa alkawari ba ta nan, shekaru kuma sun ja, sai na zauna na ba shi labarin bayan rumbu cikin raha, ina jiran ya yi mamaki. Bai yi ba. Ya ci gaba da cuɗawa har ya gama, ya wanke hannu a masakin.

Ya ce ranar da ya kawo buhun nan, ranar aka rufe gidan kajin. Abinci ya yanke, aka sayar da kajin, aka tara ma'aikata aka ce kowa ya ɗauki buhu ɗaya daga abin da ya rage ya koma gida. Bai iya faɗa wa kowa ba. Duk safiyar da muke jin ƙararrawarsa, tashar Bodinga yake zuwa ya yi dakon buhunan albasa, ya ɓoye rigar kakin a shagon wani abokinsa. Kaka ta gane tun daga fuskarsa, ba ta kuma taɓa tambayarsa ba. Gaisuwar da take fita kuwa, surfe take yi a gidaje uku, tsohuwa da taɓarya tun hantsi har azahar, ladanta dusar da ta fita. Kashi ɗaya na kaskon agwagina, kashi ɗaya ta zuba a buhunsa in ba kowa a ɗakin, don ya sami abin da zai ɗiba da safe a gaban 'yan gida.

Na tambaye shi yaushe ya sani.

Ya ce, "Shekara shida ina auna abincin kaji, ɗiyata. Ran da na sa hannu na ji ɓarɓashin ƙuli-ƙuli, na san hannun wa na taɓa. Sai na ci gaba da ɗiba, don kada ta san na sani."

Abincin da ke cikin buhun, in ji shi, bai wuce na wata guda ba. Mu kuwa mun yi ta ɗiba har aka girbe gero.